Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin 'yan acaba: a daina hawa babur yana kan ƙaramin jak

Assalamu alaikum shugabanni, ciyamomi da sakatarorin tashoshin acaba, da 'yan uwanmu 'yan kabu-kabu na can Maraɗi da Damagaram, da duk wani dattijo da yake da ta cewa a wurin da babura ke bin layi. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara rufin asiri, ya tsare mana hanya.

Ni sana'ata gyaran babur ce da ɗan walda a gefe, kuma yawancin masu kawo min aiki yaranku ne, don haka abin da zan faɗa ba labarin wani na ji ba, a hannuna yake ƙarewa. Na san wasunku za su ce yanzu ana fama da tsadar mai da tsadar kayan gyara da masu kama babura a hanya, wannan maganar ta kai a yi mata wasiƙa? Ta kai wallahi. Maganar ƙaramin jak ce, wannan ɗan ƙarfen na gefen hagu da ake turawa da ƙafa a kafe babur, da kuma yadda muka mayar da shi kujera, muka mayar da shi tsani, muka mayar da shi gado.

Ku leƙa kowace tasha da tsakar rana. Za ku ga yaro ya kafe babur a ƙaramin jak ya miƙe a kai, kansa a kan kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na baya, ƙafafu a kan tanki yana latsa waya, can gefe wasu biyu ko uku sun jeru a kan babur ɗaya ana hira ana jijjiga shi, to shi ke nan sai ga fasinja, mai babur yana tsaye yana karɓar canji ko yana ƙarasa shan ruwa sai ka ji ya ce Hajiya hau mana gani nan zuwa, ita kuma baiwar Allah ba ta san komai ba sai ta ɗora ƙafa a mataki ta ɗaga jikinta gaba ɗaya, babur ba kowa a kai, ba mai riƙe birki, ba abin da ke tare shi da ita sai wani ƙarfe da kaurinsa bai wuce babban ɗan yatsa ba. Yawancin lokuta lafiya lau ake ƙarewa, shi ya sa ma ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Amma ranar da ba a ƙare lafiya ba, ƙugun tsohuwa ne ko gwiwar hannun yarinya ko ƙafar mai ciki a ƙarƙashin babur.

Ga yadda abin yake. Babur irin Boxer ko TVS ko Haojue da muke aiki da su, in da mai a tanki, nauyinsa kilo 100 da ɗoriya ne. In ka kafe shi a ƙaramin jak ba jak ɗin ke ɗauke da wannan nauyin duka ba, tayoyi biyun nan su ke ɗauke da mafi yawa, shi jak kaso kaɗan yake karɓa saboda babur ya ɗan kishingiɗa ta hagu ne kawai. Wurare uku ke taɓa ƙasa, tayar gaba, tayar baya, da tafin jak, kuma muddin nauyi yana faɗowa a tsakanin waɗannan ukun babur ba zai faɗi ba. Iyakar aikin da aka ƙera shi ya yi ke nan, ya tallafi babur shi kaɗai ba kowa a kai. To yanzu ka kawo mutum mai kilo 70 ko 80 ya taka matakin hagu. Ina nauyinsa zai je? Ba kan taya zai sauka ba, mataki yana waje da layin taya ne, yana ɓangaren jak, don haka jak ne zai sha mafi yawa. Kuma mutum ba a hankali yake ɗora kansa ba kamar ana aje kaya, yunƙurawa yake yi, wannan yunƙurin yana ƙara abin da ke sauka a kan ƙarfen fiye da nauyin mutumin na sikeli. Sai ka ga jak ya karɓi abin da ya ninka wanda aka yi shi dominsa, kuma ba sau ɗaya ba, kullum ne, safe da yamma.

Nan ne mutane ke yi min gardama, wai ai ƙarfe ne, sun shekara suna yi bai taɓa karyewa ba. Gaskiya ne sandar jak ɗin kanta ba ta cika karyewa ba, ba ma ita ce abin tsoro ba. Abin tsoron yana sama, inda ta haɗu da babur. Akwai bol ɗaya da take juyawa a kai, akwai ɗan kunnen ƙarfe da aka yi wa walda wanda bol ɗin ke ratsawa, akwai ɗan wurin da sandar ke tokarewa in an buɗe ta, sai sifirin da ke riƙe ta a buɗe ko a naɗe. A wasu ƙananan babura ma jak ɗin ba a jikin firam yake ba, a jikin ƙarfen matakin direba yake, shi kuma wannan ƙarfen an ɗaure shi da bol-bol a ƙasan inji, wato duk wanda ya zauna a kan babur yana kan jak, gindin inji yake ja. Abin da ke faruwa shi ne ramin bol yana faɗaɗa a hankali, kunnen yana buɗewa, wurin tokarewa yana cinyewa, walda tana fara tsagewa siririya wadda in ba ka goge laka da baƙin mai ba ba za ka gan ta ba. Babur sai ya fara kwanciya fiye da da. To da zarar ya ƙara kwanciya, kason nauyin da ke kan jak ya ƙaru, lalacewar ta ƙara sauri, haka dai har ranar da zai zube da wani a kai. Mai babur zai ce min jiya-jiyan nan lafiyarsa ƙalau. Ba lafiyarsa ƙalau ba, ya daɗe yana nuna alama, ba a duba ba ne.

Alamun kuwa ba sai makanike ba. Ka hau babur ka miƙar da shi, ka sa wani ya kama jak ya girgiza, in yana lilo gefe da gefe sosai bol ko rami ya ci. In ka naɗe shi bai koma da ƙarfi ya manne ba, yana reto, sifirin ya gaji. In babur ɗinka ya fi na abokinka iri ɗaya kwanciya a wuri ɗaya, wani abu ya lanƙwashe. In ka ga ana ɗaure jak da roba ko igiya ko tsumma don kada ya sauko, wannan babur bai kamata ya ɗauki ɗan mutum ba sai an gyara.

Ina so ku tsaya a kan wannan na ƙarshen, don shi ne ke kisa. Faɗuwa a tsaye tana karya ƙashi, amma jak da ya sauko ana cikin tafiya wani abu ne daban. A miƙaƙƙiyar hanya ba za ka ji komai ba, ko ka ji ɗan ƙara ka ɗauka dutse ne. Sai an zo kwanar hagu, babur ya kwanta ta hagu kamar yadda ya saba, tafin jak ya caki kwalta ko ƙasa, babur ya ƙi kwanciya ko tayar baya ta ɗaga, sai a tafi kai tsaye inda ba a yi niyya ba, cikin kwata ko jikin mota ko kan masu tafiya a ƙasa. Mutane su taru a ce gudu yake yi ko a ce birki ne ya ƙwace, ba wanda zai duba ya ga ɗan sifirin ne ya saki. Wasu sababbin babura suna zuwa da na'urar da ke kashe inji in ka sa giya jak yana ƙasa, amma mafi yawan waɗanda ke tashoshinmu ba su da ita, waɗanda suke da ita ma da ta fara damun mutum sai ya ce a haɗe wayar a wuce wurin. Dan Allah a bari. Kuma hawa babur yana kan jak shi ne babban abin da ke sa a manta a naɗe shi, don tsarin ya rikice, fasinja ya riga direba hawa, ana hira, an tayar, an wuce.

Sai maganar ta wane gefe za a hau, wadda na ga ba a cika tunaninta ba. Kowa ya san ta hagu ake hawa, kamar yadda mahayi ke sa ƙafar hagu a likkafa ya haye doki, sai dai doki ƙafa huɗu gare shi kuma yana gyara tsayuwarsa da kansa in ya ji nauyi, babur kuwa sai abin da direba ya yi masa. Dalilin hagu a fili yake, nan babur ya kwanta, nan sit ya fi kusa, kuma salansa tana dama. Amma ga inda gizo ke saƙar. Bajaj da TVS daga Indiya suke, can kuwa ta hannun hagu ake tuƙi, in mutum ya tsaya a gefen titi hagunsa ne bakin hanya, fasinja ya hau ya sauka ba ruwansa da motoci. Mu a Najeriya tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, Nijar ma dama ce, Gana ta koma a 1974. Wato in ɗan acaba ya tsaya a gefen titi, hagun nan da muke cewa a hau ta nan ita ce ɓangaren da tirela da Adaidaita ke wucewa, dama kuma ga salansa mai zafi tana jiran ƙauri. Maganinsa ba a ce fasinja ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi tsakanin mota da ƙuna ba ne. Maganinsa direba ya sauka daga kwalta sosai, ya shiga gefe inda akwai filin da mutum zai tsaya ta hagu ba tare da madubin mota ya shafe shi ba, ko da sai ya ƙara gaba kaɗan ya wuce inda aka ce a tsaya. In wuri ya matse dole sai ta dama, to a faɗa da baki, a ce a kula da salansa, kada a ɗauka kowa ya sani. Yara da 'yan mata masu tabon salansa a ƙafar dama ba sa ƙirguwa a garuruwanmu, ku tambayi matanku a gida.

Wannan tuƙin dama yana da wani tasirin a kan jak ɗin kansa. Titi ana yin sa ne da ɗan tudu a tsakiya ya gangara gefe don ruwa ya sauka. In ka kafe babur a gefen dama yana kallon inda motoci ke tafiya, ƙasan da ke hagunka ta fi tudu, sai jak ya tokare da wuri babur ya tsaya kusan a miƙe, iska mai ƙarfi ko yaro ya jingina ta isa ta tura shi dama. Sai a lura, in an ga bai kwanta daidai ba a gyara masa tsayuwa, a ɗan karkata shi.

Yadda ya kamata a hau ba wani dogon karatu ba ne, shi ya sa abin ke ba ni takaici. Direba shi ne farkon hawa kuma shi ne ƙarshen sauka. Ya zo ta hagu, ya kama hannun babur, ya matse birkin gaba kafin ma ya ɗaga ƙafa, ya haye, ya miƙar da babur, ya naɗe jak da dunduniya ya duba da ido ya ga ya koma. Ƙafafunsa biyu a ƙasa, birki a matse. Daga nan ne zai ce bismillah, hau. Daga lokacin nan ƙafafun direba su ne jak. Fasinja ya dafa kafaɗa ko kariya, in doguwar ƙafa gare shi ya haye kai tsaye, in sai ya taka mataki to ya faɗa tukuna don direba ya tokare, kuma ya jawo jikinsa kusa da babur kada ya rataya a waje yana jan babur gefe. Wajen sauka ma haka, kada kowa ya motsa sai direba ya tsaya cak ya ce sauka. Da yawa daga faɗuwar da nake gani ba a wajen hawa ba ne, fasinja ne ya yi wuf ya dira babur bai gama tsayawa ba ko direba ƙafa ɗaya kawai ya sauke.

Na san akwai masu cewa in fasinja mai jiki ne ko tsoho gara a bar jak a ƙasa ya taimaka. Na fahimci niyyar, tausayi ne, amma ba haka za a taimaka masa ba. Babur a kishingiɗe da mutum mai nauyi a baya, miƙar da shi ma wani aiki ne, a nan ake rinjaya ta ɗaya gefen. A nemi wuri mai ɗan tudu, bakin dakali ko gefen kwalbati, a tsaya kusa, tsoho ya hau daga sama-sama, wani ɗan tasha ya riƙe kariya. Ai ba a rasa mutum a tasha. Mara lafiya da za a kai asibiti ma haka, a samu mai riƙewa, kada a ɗora shi a babur da ke kan jak a ce bari a je a ɗauko kati.

Iyayenmu mata kuma, wannan sai kun sa baki da kanku, don yaro ɗan shekara ashirin yana jin nauyin ya ce wa matar da ta haife shi Hajiya tattara hijabinki. To ku gaya masa ba rashin kunya ba ne, haƙƙi ne a kansa. Sarƙa tana hagu a yawancin baburanmu, gefen da ake hawa, kuma mai zaman gefe ɗaya ƙafafunta da zaninta nan suke sauka. Dogon hijabi, gyale, abaya, har da babbar riga da rawanin maza, in bakinsu ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoranta ko cikin wayoyin taya, ba tsayawa yake ba, naɗewa yake yi ya fizgo mutum ta wuya. A Indiya saboda irin wannan ne doka ta wajabta a sa ragar ƙarfe da ke rufe gefen tayar baya don kada tufafin mata su shiga. Mu kuwa ko babur ya zo da ita sai a cire wai tana ƙara nauyi ko tana ƙara, har murfin sarƙa ma a cire a jefar. A mayar da su. Kuma kafin a ja babur direba ya waiwaya ya duba ba abin da ke reto, ba zai ɗauke shi daƙiƙa biyar ba. Mai goyo kuma a bar ta ta zauna ta gyara goyonta tukuna, kada a fizga.

Masu ɗaukar kaya ku ne kuka fi kowa kawo min jak a lanƙwashe. Buhun siminti kilo 50 ne, na taki ma haka, buhun masara ya kai 100, jarkar ruwa ko ta mai lita 25 in an jera huɗu ku lissafa. Ana kafe babur a ƙaramin jak a jibga wannan a kan kariya, sannan a taka mataki a ja roba da dukkan ƙarfi ana ɗaurewa. Kaya a sama suke, can nesa da ƙasa, kuma babur a karkace yake, don haka suna jan sa ta hagu fiye da yadda mutum zai ja. Babban jak na tsakiya ai don irin wannan ya fi dacewa, ƙafa biyu gare shi kuma babur a miƙe yake, in ƙasa mai tauri ce. Amma shi ma da yawa sun cire shi wai yana taɓa ƙasa a hanyar ƙauye. To in ba shi, mutum ɗaya ya zauna a kan babur ya tokare, wani ya ɗora ya ɗaure. Wani amfanin ma shi ne kayan da aka ɗaure babur yana miƙe sun fi zama daidai, wanda aka ɗaure a karkace da an miƙe sai ka ga ya zame gefe.

Buga kik babur yana kan ƙaramin jak, shi ma a rage. Mutum ya tsaya a kan mataki yana dira da dukkan jikinsa sau goma da safe saboda fulogi ya yi datti, duk wannan dukan jak ke sha. Haka juya babur a kan jak, a kwantar da shi a ɗaga tayoyi a murɗa shi ya kalli baya don a nuna gwaninta. Mu makanikai ma 'yan uwana ina kira gare mu, a daina kwantar da babur a kan ƙaramin jak don a ɗaga tayar baya a sa wa sarƙa mai, a yi shi a babban jak ko a sa katako.

Ƙasa ma tana da nata. Tafin jak ɗan mitsitsi ne, da damina yana nutsewa a laka a hankali, ka kafe babur ka shiga masallaci ka fito ka tarar da shi a kwance mai yana zuba. Yashi haka, sabuwar kwalta da zafin watan Afrilu ma tana yin laushi ya huda ta. Ɗan faffaɗan dutse ko guntun katako ya wadatar, kuma tasha ai wuri ɗaya ce kullum, me zai hana a zuba ɗan kankare ko a jera bulo a layin da ake kafewa? A gangare kuma a tuna jak gaba yake buɗewa baya yake naɗewa, in babur ya ɗan gangara gaba kaɗan jak zai naɗe da kansa. Don haka a sa kan babur ya kalli tudu, a bar shi a giya ɗaya ba a firi ba, a murɗa kan ta hagu. A gida ma wannan ya shafi kowa, ba 'yan acaba kaɗai ba. Babur a zaure ko a ƙofar gida, an dawo yanzu salansa da zafi, yara sun taru suna hawa suna wasan tuƙi, su ja shi ta dama ko su tura shi gaba, kilo ɗari da wani abu a kan yaro ɗan shekara huɗu. In za a bar shi inda yara suke a sa babban jak, ko a matsa da shi jikin bango.

In ƙaddara ta faɗa salansa ta ƙona wani, ruwa mai sanyi mai tsabta za a yi ta zubawa har wajen minti 20, ba ƙanƙara ba, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ko manja ko baƙin mai ba, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a je asibiti in wurin yana da faɗi ko ya yi zurfi. Wanda babur ya danne kuma yana kukan ƙugu ko baya ko wuya, a ɗaga babur a bar shi a kwance yadda yake har a samu yadda za a ɗauke shi a miƙe, kada a ce tashi ka taka mu gani.

Wata gardamar da samari ke kawo min yanzu daga waya take. Suna ganin bidiyon Turawa masu manyan babura dogaye na yawon duniya, mutum ya taka mataki ya haye babur yana kan jak, sai su ce ai ga shi can ma ana yi. Ana yi, saboda baburan sun yi musu tsawo ƙafa ba ta kaiwa, kuma ko a can ɗin masu baburan suna ta muhawara a kan ko jak zai jure. Namu sit ɗinsa gajere ne, duk baligi yana iya hayewa daga ƙasa, ba mu da wannan uzurin. Sannan nasu mutum ɗaya ne ke hawa sau biyu ko uku a yini, namu fasinja nawa yake ɗauka daga asuba zuwa isha? Ga kuma jak ɗin kasuwa da ake sayowa in na asali ya lalace, wani ƙarfen da hannu ma sai ka ji kamar za ka lanƙwasa shi. Kuma in jak ya lanƙwashe aka gasa shi da wuta aka miƙar, ko aka ƙara masa guntun rodi, zai yi aiki na ɗan lokaci amma ba kamar da ba, in an ƙara tsawo ya wuce kima ma babur ya riƙa tsayawa a miƙe yana faɗuwa dama. Ni da nake cin abinci da walda nake gaya muku, in kunnen ya tsage a gyara shi da kyau a wurin wanda ya iya, in sandar ce ta lanƙwashe a canza ta, kuɗinta bai kai na ɗaurin karaya ba.

Dalilin da ya sa ku na rubuta wa ban rubuta wa hukuma ba, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana nan tun 1988, kuma kowa ya tuna yadda aka yi da dokar hular kwano da aka fara tilastawa a farkon 2009, aka yi ta kamawa na ɗan lokaci sannan abu ya lafa. Jami'i yana kan babban titi, ba ya ganin abin da ke faruwa a tasha ko a lungu lokacin da tsohuwa ke ɗaga ƙafa. Ku kuke gani. Yaron da ba ya jin maganar kowa yana jin ta ciyaman, don ya san in aka hana shi layi yau ba abinci. Kuma kun fi ni sanin yadda sana'ar nan take a tsaka mai wuya, a Kano tun Janairun 2013 aka hana ɗaukar fasinja a babur, Legas ma ta hana a manyan unguwanninta, dalilan tsaro ne a wani wurin, a wani wurin haɗurra, amma duk inda aka tashi hanawa abin da ke sa jama'a su yi shiru ba su tsaya muku ba shi ne kowane gida akwai mai tabo.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar kuɗin gwamnati. Ku sa ya zama dokar tasha cewa ba fasinjan da zai hau sai direba yana kai kuma jak a naɗe, wanda ya karya a mayar da shi ƙarshen layi. Ku sa benci ko biyu a inuwa daga kuɗin tikitin da ake tarawa, don gaskiya yaran nan ba don taurin kai suke kwanciya a kan babur ba, ba su da wurin zama ne. Sabon yaro da ya zo yin rajista, kafin a ba shi riga ko lamba, wani dattijo ya sa shi ya hau ya ɗauki mutum ya sauke a gabansa. Sannan ranar da kuke taron mako, mai duba babura ya bi layi ya girgiza jak ɗin kowa ya duba sifirin da murfin sarƙa, wanda aka ga an ɗaure da roba ya je ya gyaro kafin ya ɗauki kowa. In kuna son wanda zai nuna wa mai dubawar inda zai kalla, kowace tasha akwai makanike a kusa da ita, ku kira shi, na tabbata ba zai ce sai an biya shi ba.

Wassalam, naku,
wani mai gyaran babura.